Jagoran zaɓen Maryland da Hausa: inda aiki ya kwana

Lahadi, 18 ga Afrilu, 2021

Shida ga azumi. Jiya mun sha ruwa a gidan wani ɗan'uwa a Lanham, mu kaɗan saboda korona, hira kuma ta bi hanyar da ta saba: Buhari, Akufo-Addo, Bazoum da aka rantsar farkon watan nan, daga nan aka gangaro kan Biden. Da aka ɗan lafa sai na tambaya ko wa ke riƙe da gundumar Prince George's ta jihar Maryland a Amurka, wadda duk muke kwana muke tashi a cikinta. Mutum ɗaya ne ya kawo sunan Angela Alsobrooks, shi ma don yana ganinta a talabijin tana bayanin rigakafi. A cikinmu kuwa akwai waɗanda suka fi shekara goma da karɓar fasfo ɗin Amurka.

Abin ya tsaya mini a rai har sahur. Gundumar nan ce ke karɓar harajin gidajenmu. Ita ke yankar kashi 3.2 cikin ɗari na abin da muke samu, ban da na jiha da na tarayya. 'Yan sandanta ke tare mu a hanya, kuma fiye da rabin kasafin kuɗinta makarantun 'ya'yanmu yake tafiya.

Don haka na ɗaura niyyar wani aiki: saƙonnin murya da Hausa, kowanne minti uku zuwa biyar, da za a riƙa turawa a WhatsApp, sai takarda mai shafi biyu da za a raba kafin zaɓen fidda gwani na ranar 28 ga Yunin 2022. 'Yata, mai shekara sha shida, ta yarda za ta riƙa gyara sauti. Nan kuma zan riƙa rubuta inda aka kwana.

Wani zai ce sauran fiye da shekara, gaggawar mece ce? To su masu neman kujerun ba su jira ba. Gwamna Larry Hogan na jam'iyyar Republican yana wa'adinsa na biyu, doka ba ta ba shi damar zarcewa ba. A ɓangaren Democrat, Peter Franchot, kwanturolan harajin jiha tun 2007, ya bayyana niyyarsa tun Janairun 2020. Rushern Baker, wanda ya riƙe gundumarmu daga 2010 zuwa 2018, ya fito ranar 8 ga watan nan. Ranar 14 mataimakin gwamna Boyd Rutherford ya ce ba zai nema ba, a ranar kuma Kelly Schulz, kwamishinar kasuwanci ta Hogan, ta ce ita za ta nema. Duk wanda ya tashi cikin siyasar gida da wuya ya yarda cewa katari ne.

Lahadi, 30 ga Mayu

Kalmar da ta fara ba ni wahala ita ce sunan abin kansa. Mutanenmu "kawunti" suke cewa. A saƙon gwaji na ce "ƙaramar hukuma", washegari sai ga waya daga wani dattijo ɗan Kumasi da duk muke kira Baba Alhaji.

"Ɗana, in ka ce ƙaramar hukuma ba wanda zai ɗaga daga kujerarsa. A Gana shugaban ƙasa ke naɗa mai gunduma, a wajenku kuma yaron gwamna ne. Nemi wata kalma."

Gaskiya ya faɗa. A Janairun bana aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, jam'iyya mai mulki ta kwashe duka 44. Wanda ya saba ganin haka, ya saba jin kuɗi na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa, ba laifinsa ba ne in ya raina kujerar ciyaman. Amma Prince George's tana da mutum sama da dubu ɗari tara, tana tara harajinta da kanta, gwamna ba ya naɗa mata kantoma. Na tsaya kan "gunduma" da "shugaban gunduma", yankunan kansiloli kuma na kira su "mazaɓu". Mun sake naɗar saƙon daga farko.

Babban labarin watan nan shi ne na wadda ta ƙi fitowa. An daɗe ana raɗe-raɗin Alsobrooks za ta nemi gwamna, sai ranar 26 ta ce tazarce za ta nema a gunduma. Duk jihar nan, mai gundumomi 23 da birnin Baltimore, babu inda ke da masu rajistar Democrat kamar Prince George's. Da ta fito, da ta zama ɗaya daga cikin 'yan takara. Yanzu da ta zauna, kowane ɗan takara sai ya zo zawarcin goyon bayanta. A ganina ta yi lissafi mai kyau. Johnny Olszewski na gundumar Baltimore shi ma haka ya yi a farkon wata. John King, ministan ilimi a zamanin Obama, da Doug Gansler, tsohon Antoni Janar na jiha, su kuwa sun faɗa fage.

Lahadi, 27 ga Yuni

Sunaye biyu sun ƙaru a takardata. Wes Moore ranar 7: tsohon soja da ya je Afghanistan, marubuci, ya shugabanci gidauniyar Robin Hood mai yaƙi da talauci a New York, bai taɓa riƙe kujerar zaɓe ba ko ta kansila. Tom Perez ranar 23: ministan ƙwadago na Obama, shugaban uwar jam'iyyar Democrat daga 2017 zuwa farkon bana, amma daga majalisar gundumar Montgomery ya faro a 2002. Wannan na ƙarshe na saka shi a saƙo, don mutane su ji inda kujerar kansila ke iya kai mutum.

Har zuwa wannan shekara ta 2021, Maryland ba ta taɓa yin gwamna baƙar fata ba. Anthony Brown ya gwada a 2014, Ben Jealous a 2018, Hogan ya kayar da su duka biyun a jihar da 'yan Democrat suka ninka 'yan Republican a rajista. Wannan tabon yana ƙarƙashin duk wata magana da ake yi a jam'iyyar yanzu, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Lahadi, 25 ga Yuli

Ranar Talata aka yi babbar sallah. Bayan an sauko idi na tsaya a bakin fili da wayata, duk wanda na san ɗan ƙasa ne sai in roƙe shi mu duba rajistarsa a shafin hukumar zaɓe ta jiha. Suna, ranar haihuwa, lambar unguwa, shi ke nan. Abin da na gani ya sauya mini tsarin aikin gaba ɗaya.

Yawancin waɗanda muka duba suna da rajista, alhamdu lillahi. Amma da yawansu ba su zaɓi jam'iyya ba. Wasu a wajen sabunta lasisin tuƙi aka yi musu rajistar, suka tsallake tambayar. Wasu kuwa da gangan ne. Wata Hajiya mai sayar da masa ranar Asabar ta ce mini, "Malam, ni ba ruwana da jam'iyya. Na baro wannan rigimar a gida. Ranar zaɓe in je in zaɓi mutumin kirki, in dawo."

Na fahimce ta sarai. A wajenmu katin jam'iyya na tafe da gaba, da 'yan banga, da yanke zumunci. Sai dai a Maryland zaɓen fidda gwani a rufe yake: mai rajistar Democrat ya zaɓa cikin 'yan Democrat, mai rajistar Republican cikin nasa. Wanda ba shi da jam'iyya, abin da kawai ake ba shi a ranar shi ne kujerun hukumar ilimi, in akwai takara a yankinsa. A Prince George's kuma duk wanda ya samu tutar Democrat ta shugaban gunduma ko ta kansila, kusan ya gama. Zaɓen Nuwamba tabbatarwa ce. Ke nan mutumin kirkin da Hajiya ke son zaɓa, a watan Yuni ake tsayar da shi ko a kayar da shi, ita tana gida.

Na gaya mata ba kuɗi ake biya ba, ba taro ake zuwa ba, ba wanda zai ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce ta rantse. A Nuwamba kuma tana da 'yancin zaɓar wanda ta ga dama daga kowace jam'iyya. Ta ce za ta yi shawara da maigidanta.

Saƙo na biyu yanzu kan wannan ne kaɗai. Ba na gaya wa kowa jam'iyyar da zai shiga. Ina faɗin abin da mutum ke samu da abin da yake rasawa, da cewa ana rufe ƙofar sauyi kwana 21 kafin zaɓe.

A ɓangaren Republican, Dan Cox, ɗan majalisar jiha daga Frederick wanda ya kai Hogan kotu kan dokokin korona, ya shiga takara a farkon watan nan.

Asabar, 18 ga Satumba

Aiki ya yi sanyi, an ƙara mini dare a wurin aiki, 'yata kuma ta koma makaranta. Saƙo ɗaya muka fitar, amma shi ne wanda na fi jin tsoronsa, sai da na karanta wa wani lauya fassararsa kalma bayan kalma.

Wasu garuruwa a nan, irin su Takoma Park tun 1992, da Hyattsville, da Mount Rainier, suna barin wanda ba ɗan ƙasa ba ya zaɓi magajin gari da kansilolin garin. Rajistarsu daban ce, a ofishin gari ake yinta. Wani yaro mai girin kad, wato katin zama na dindindin, ya ji haka ya ɗauka ya halatta masa zaɓen gunduma da na gwamna. Bai halatta ba. Wanda ba ɗan ƙasa ba, in ya yi rajistar jiha ko ya jefa ƙuri'a a wannan zaɓe, yana iya rasa damar zama ɗan ƙasa, ana iya mayar da shi gida. Na maimaita wannan sau uku a cikin saƙon. Gara a ce na cika nanatawa da in zama sanadin rushewar gidan wani.

Lahadi, 31 ga Oktoba

Mutum ɗaya ya ce zai huta, kujeru sun yi ta motsi har ƙasa. Ranar 21 Brian Frosh, Antoni Janar tun 2015, ya ce ba zai sake nema ba. Kwana huɗu bayan nan Anthony Brown ya ce zai bar kujerarsa ta majalisar wakilai ta tarayya ya nemi ta Frosh. Kujerar Brown ɗin ita ce mazaɓa ta 4, wadda ta ƙunshi babban yanki na gundumarmu. Nan take Glenn Ivey, tsohon mai gabatar da ƙara na gunduma, ya fito nemanta, haka Jazz Lewis, ɗan majalisar jiha. Duk wanda ya hau sama ya bar gurbi, a kan kowane gurbi kuma akwai masu jira tun shekaru.

Sai maganar mataimaka. A nan ɗan takarar gwamna da mataimakinsa tare suke shiga zaɓen fidda gwani, don haka tun yanzu ake ɗauka. Franchot, farar fata daga Montgomery, ya ɗauko Monique Anderson-Walker, kansila baƙar fata daga kudancin Prince George's. Baker, ɗan Prince George's, ya tsallaka Montgomery ya ɗauko Nancy Navarro, haifaffiyar Venezuela. Baba Alhaji da na karanta masa ya ce wannan ba sai an yi masa bayani ba, kowa ya san in ɗan takara daga arewa yake daga kudu ake nemo masa mataimaki.

Na sake tsara takardata. Da sunaye nake jerawa. Yanzu kujeru nake jerawa, kowace da mai riƙe da ita, da ko wa'adinsa ya cika, da masu harinta. A Prince George's wa'adi biyu ne a jere, a Montgomery uku, a dokar wannan shekara ta 2021. Da ka san wanda wa'adinsa ke ƙarewa, ka san inda za a yi turereniya.

Laraba, 17 ga Nuwamba

Jiya ban yi barci ba sai bayan tsakar dare, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Bayan kowace ƙidaya ta shekara goma ana sake shata mazaɓu tara na majalisar gunduma. An kafa kwamiti na mutum uku, ya saurari jama'a, ya kawo taswira mai ɗan gyara kaɗan. Sai a tsakiyar Oktoba kansila Derrick Leon Davis ya fito da wata taswirar daban, mafi rinjayen majalisa suka bi bayansa. Da mutane suka ɗora ta kan adireshin masu shirin takara sai abu ya bayyana. Eric Olson, tsohon kansilan mazaɓa ta 3 da ke shirin dawowa, an fitar da gidansa daga mazaɓar. Krystal Oriadha, wadda ƙuri'a 31 kacal ta raba ta da kujerar mazaɓa ta 7 a 2018, ita ma an ja layi an bar ta a waje. Haka Tamara Davis Brown a mazaɓa ta 9. Masu taswirar sun musanta cewa da niyya ne, sun ce yawan jama'a suka bi. Ni dai ban gamsu ba.

Jiya aka yi zaman jin ra'ayin jama'a ta intanet. Ni da 'yata muka zauna a teburin cin abinci muna kallo. Mutum sama da ɗari suka yi magana ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi, ɗalibai, limaman coci, magadan gari, kowa na roƙon a koma wa taswirar kwamiti. Ban ji ko mutum ɗaya ya goyi bayan ta Davis ba. Aka gama saurare, aka kaɗa ƙuri'a, shida da uku, taswirar ta wuce.

'Yata ta juyo ta ce, "Baba, to mene ne amfanin maganar da suka yi?"

Ban ba ta amsa nan take ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a duk waɗanda suka yi magana ban ji muryar da na sani daga cikinmu ba, ni ma kuma ban yi rajistar magana ba. Wata bakwai ina bin wanda ya fito da wanda ya janye, alhali ga inda ake yanke wa mutum takara tun bai sayi fom ba. A gida mun san ɗauki-ɗora, mun san a kira mutum cikin dare a ce ya janye wa wane. Nan da biro da taswira aka yi, a bainar jama'a, ana naɗa a bidiyo.

Da safe na ce mata amfaninta shi ne yanzu akwai shaida, kuma sunayen shidan nan a rubuce suke. Na saka su a takardata, da sunayen ukun da suka ƙi. Saƙo na huɗu kan shata mazaɓu ne. Sau biyar na naɗe shi kafin muryata ta daidaita.

Lahadi, 12 ga Disamba

Trump ya ɗaga hannun Cox ranar 22 ga Nuwamba, kowa kuma ya san zuciyar Hogan na wajen Schulz. Zaɓen fidda gwanin Republican ya zama gwajin ƙarfi tsakanin iyayen gida biyu. Moore ya ɗauki Aruna Miller mataimakiya, tsohuwar 'yar majalisar jiha daga Montgomery, haifaffiyar Indiya. A Annapolis, babban birnin jiha, majalisa ta yi zama na musamman ta amince da sabuwar taswirar kujerun tarayya, Hogan ya hau kujerar na-ƙi, suka tsallake shi da rinjaye.

Wani abu ya faru da ya kamata in rubuta. Wani ma'aikacin kamfen na ɗaya daga cikin 'yan takarar ya samu labarin saƙonninmu, ya kira ni cikin ladabi, ya yaba, daga ƙarshe ya nemi in ba shi lambobin mutanen da nake tura wa. Na ce a'a. Amana aka ba ni, kuma cikin masu saurare akwai waɗanda takardunsu ba su kammala ba. Na ce in maigidansa na son magana da mu, ya amsa tambayoyin da zan aika wa kowa iri ɗaya, in karanta amsarsa da Hausa yadda ya ba da ita.

Lahadi, 23 ga Janairu, 2022

Ranar Laraba 'yan takara suka miƙa rahoton kuɗinsu na shekara, kuma kowa na iya buɗewa ya karanta sunan wanda ya bayar da nawa ya bayar. Moore, da aka ɗauka baƙo ne, ya tara kimanin dala miliyan 4.8. Franchot na da sama da miliyan uku a ajiye, amma hannunsa a ɗaure yake: tun da majalisa ta buɗe zamanta na kwana 90 ranar 12 ga wata, doka ta hana gwamna, kwanturola, Antoni Janar da 'yan majalisa karɓar gudummawa sai an tashi a Afrilu. Moore da Perez ba su riƙe da kujera, su suna ci gaba da tarawa. Yanzu na gane dalilin da ya sa farkon Janairu ya cika da liyafar neman kuɗi.

Nan ma akwai tarkon da ya shafe mu. Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar mu yi karo-karo, mu damƙa wa Baba Alhaji ya kai wa ɗan takara da sunansa, don a san da mu. Niyya mai kyau, kuma haka muka saba yi a biki da rasuwa. Amma a nan bayar da kuɗin wani da sunanka laifi ne. Kowa da sunansa zai bayar, iyaka dala 6,000 ga ɗan takara ɗaya a zagayen shekara huɗu. Mai girin kad na iya bayarwa ko da ba ya zaɓe; wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da ita ba ya iya bayarwa ko sisi.

'Yan'uwa na Silver Spring da Gaithersburg sun yi ƙorafi na manta da su, kuma suna da gaskiya. A Montgomery shugaban gunduma Marc Elrich na neman tazarce. A 2018 da ƙuri'a 77 ya kayar da attajiri David Blair, wanda ya kashe sama da dala miliyan biyar daga aljihunsa, a gundumar da ke da mutum sama da miliyan. Blair ya dawo, kansila Hans Riemer ma ya shiga. Ƙuri'a 77 ba ta kai sahu biyu na sallar idi ba. Majalisarsu kuma ta ƙaru daga kujeru tara zuwa goma sha ɗaya, ga sababbin mazaɓu da ba su da mai riƙe da su. Na tuna musu cewa hutun da yaransu suka samu ranar 12 ga Satumban 2016, da ya dace da babbar sallah, hukumar ilimi ta gunduma ce ta tsara shi bayan shekaru Musulmi na zuwa gabanta, kuma zaɓarta ake yi.

A gida ana ta ja-in-ja kan 'yar tinƙe da daliget tun da Buhari ya ƙi sa hannu a dokar zaɓe a Disamba. A zaurenmu na WhatsApp an yi kwana uku ana musu a kai. Na rubuta musu cewa 'yar tinƙen da muke nema wa Najeriya ga ta nan a hannunmu, hukumar zaɓe ke gudanar da ita, a asirce. Mutum huɗu suka turo mini hoton sauyin rajistarsu a daren.

Talata, 1 ga Fabrairu

Jiya alƙali ya soke taswirar Davis. Wasu mazauna gunduma ne suka kai ƙara. Hukuncin ya ce majalisa da ƙuduri ta zartar da ita, alhali doka cikakkiya ake bukata, don haka a koma wa ta kwamiti. Na tura wa 'yata labarin tana makaranta. Ta amso da kalma ɗaya: "Alhamdulillah."

Lahadi, 20 ga Maris

Ranar 5 ga wata Alsobrooks ta ɗaga hannun Moore. Wata tara ta bar su suna jira. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Baker, wanda ta gada a kujerar, kuma gundumar nan ce ƙashin bayan takararsa. Ranar 7 kotun ƙoli ta jiha ta tabbatar da hukuncin taswirar gunduma, Olson da Oriadha sun koma mazaɓunsu.

Sai ranar 15 kotun ta ɗage zaɓen fidda gwani daga 28 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli, saboda shari'ar taswirar majalisar jiha ba ta ƙare ba. Ranar rufe karɓar takardun takara, da aka riga aka ɗaga daga 22 ga Fabrairu zuwa 22 ga Maris, ta koma 15 ga Afrilu. Saƙonni shida na fitar da tsohuwar rana a cikinsu, kuma saƙon murya in ya fita ba ya dawowa. Yana nan a wayoyin mutane ana ta turawa. Mun kwana biyu muna sake naɗa. Kowane sabo yanzu da ranar da aka naɗe shi yake farawa, da roƙon a goge na baya.

Ɗagewar ta zo da wata damuwa. Tsakiyar Yuli lokacin hutu ne, lokacin da mutanenmu ke kwasar yara su tafi gida, bana kuma ga aikin hajji da ake sa ran buɗewa. Dole in yi saƙo kan neman ƙuri'a ta gidan waya tun da wuri.

Lahadi, 17 ga Afrilu

Azumi ya zagayo, shekara guda ke nan da farawa. Ranar Juma'a da dare aka rufe karɓar takardu. Masu neman gwamna a Democrat su goma ne, a Republican huɗu. Ƙungiyar malaman makaranta ta jiha ta bi Moore a farkon wata. Taswirar tarayya ma an sake ta bayan wata alƙaliya ta soke ta farko ranar 25 ga Maris, don haka wasu daga cikinmu sun tashi a sabuwar mazaɓa ba tare da sun motsa daga gidajensu ba. Kowa ya sake duba rajistarsa. Donna Edwards, wadda ta riƙe mazaɓa ta 4 daga 2008 zuwa 2017, tana neman komawa, za ta kara da Ivey.

A majalisar gunduma akwai Wala Blegay a mazaɓa ta 6 da Wanika Fisher a ta 2, dukansu da jinin Najeriya. Mutane sun fara cewa namu ne, a yi su kawai. Na ji daɗin ganinsu, amma tambayoyi iri ɗaya zan aika musu da kowa: tsadar haya, filin maƙabarta, tafinta a asibitocin gunduma, da lasisin masu dafa abinci a gida su sayar.

'Yata za ta cika sha takwas a Satumba, kafin babban zaɓe na 8 ga Nuwamba, don haka doka ta ba ta damar jefa ƙuri'a a Yuli tana da sha bakwai. Ta yi rajista da kanta, ba ta gaya mini jam'iyyar da ta zaɓa ba, ni ma ban tambaya ba. Hajiya mai masa ta aiko a gaya mini ta sauya tata, da ta maigidan.

Abin da ya rage: ranar ƙarshe ta sauya jam'iyya 28 ga Yuni ce. Zaɓen wuri daga 7 zuwa 14 ga Yuli, babbar sallah za ta faɗo a tsakiyarsa, sai mu nemi masu mota su kwashi mutane daga filin idi. Takarda mai shafi biyu ta zama huɗu, kuma 'yan'uwa na Nijar sun roƙi a sa Faransanci a bayanta. Baba Alhaji ya ce in kawo masa ranar Laraba bayan tarawihi ya saurara kafin a kai wurin bugawa.